Mai Kaji da Ciyawar Tela

Tun da ka ce abin hannun maƙwabcinka ya tsaya maka a rai, gyara zama ka ji misalin wasu maƙwabta biyu.

A wata unguwa da ke bayan garin Zariya an yi wani mai kiwon kaji, wanda ƙofar gidansa ita ce majalisar layin. Da la'asar sakaliya dattawa kan hallara a kan bencinsa, a ɗora shayi, a taɓa hirar duniya, shi kuwa yana tsakiya, in ya yi magana kowa ya kasa kunne. Ana nan sai wani tela ya tare a gidan da ke jikin nasa. Telan ba mai yawan magana ba ne. Ya tarar da ƙofar gidan fako ce, ko tsinke ba ya fitowa, sai ya sassaƙe ta da fartanya, ya dasa ciyawar kirikiri. Kullum kafin rana ta ɗaga zai yi mata ban ruwa. In ya sauka daga kan keken ɗinki da yamma, sai ya tsuguna ya ciccire ƙarangiya da hannu. In ta yi tsayi ya rage mata kai kaɗan, ba ya aske ta har ƙasa. Da bazara ta kankama, gari ya ɗau zafi kamar tanda, ko'ina ya bushe ƙayau, wurin nan kaɗai ya rage kore shar, sanyi na tashi daga cikinsa. Dattawa suka fara zamewa da ɗaiɗai, wannan ya ce bari ya gaisa da tela, wancan ya ce zai karɓo ɗinki. Kafin a ankara har butar shayi ta koma can.

Mai kaji ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji. Yana zaune shi kaɗai a kan benci, dariyar abokansa na tsallako masa, yana ta saƙe-saƙe: da me baƙon jiya ya fi shi? Shi ma ya samo kirikiri ya dasa, amma ina haƙurin? Yau ya malala mata ruwa da rana tsaka, gobe ya manta, jibi ya sa lauje ya aske ta ƙwal. Ba a daɗe ba ta koma kamar kan mai makero. Tun daga nan ko gaisuwar tela da ƙyar yake amsawa, in zai wuce sai ya kau da kai, amma wutsiyar idonsa na kan koren nan.

Sai aka yi wa tela rasuwa a garinsu, ya rufe shago ya tafi ta'aziyya. Mai kaji ya san ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, in ya yi yawa ƙona shuka yake yi. Da rana ta take, zafi ya kori kowa cikin gida, ya cika baro da shi, ya turo, ya kelaya a kan ciyawar, ya koma ya sake cikowa, har sai da ya share ɗakin kajinsa tas. Wari ya gauraye layin, ƙudaje suka yi dandazo, ciyawa ta ƙone wuri-wuri. Dattawa suka dawo bencinsa suna toshe hanci, suna Allah wadai da wanda ya yi wannan aika-aika, shi ma yana taya su, muryarsa ma ta fi ta kowa tashi. Ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Da tela ya dawo, ya daɗe tsaye yana duban wurin. Ya ɗauko manjagara ya kwashe mai yawan ya tara a gefe, ragowar ya baje ta, ya shiga kwarara ruwa safe da yamma. Ganye ne ya ƙone, saiwa na nan da ranta a ƙasa. Ruwan farko na sauka sai ta tofo, ta yaɗu, ta yi kauri, korenta har yana ɗaukar ido, in ka taka ƙafarka ta nutse kamar a kan darduma. Majalisa ta sake komawa, har da mutanen wasu layuka. Abin da ya ƙarasa mai kaji shi ne, da auren ɗansa ya zo, ƙofar gidansa sai taɓo da kwatami, dole ya haɗiye girman kai ya je roƙon a ba shi aron wurin ya sauki baƙi.

Tela ya ce, "Haba Alhaji, ai wurin naka ne. Ni ban ga wanda ya zuba mini taki ba, amma duk layin nan kai kaɗai ke da kaji. Allah ya saka da alheri."

Haka mai kaji ya wuni zaune a kan ciyawar, baƙinsa na shafa ta suna yaba mai ita, shi kuwa yana amsawa da "ƙwarai kuwa".

Ka ga abin da ya sa Bahaushe ya ce, hassada ga mai rabo taki ce.