Saniyar Takarda

Namadi bai gama ɗaura lasifika a kan Landiroba ba, sai ga muryar Alhaji Gidaɗo daga gindin tsamiya.

"Kai yaro, wagga saniyar takarda taku, mi take ci? Ana tatsarta?"

Kasuwar Anka ta kwashe da dariya. Namadi, ƙaramin jami'in da aka turo daga Sakkwato, ya share gumi. Gwamnati ce ta sa wata masaƙar Turawa sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, manya kuma suna so kafin zaɓe su nuna cewa talakawansu ma sun sami rabo. An faɗa masa ƙarara, in ya komo da takardun hannun jarin nan ba a saya ba, canjin aiki zuwa bakin iyaka na jiransa.

Ya amsa a tsanake: ba ta cin ciyawa, annoba ba ta kashe ta, in masaƙa ta ci riba a raba da kai. Ko mutum ɗaya bai saya ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum motar haya ta lalace a hanya, 'yan Anka da yawa ba su iso ba. Amma Gidaɗo, dillalin shanun da ko keke ba ya da shi, yana nan tun hantsi, babbar rigarsa fes.

"To in soja suka sauka, 'yan siyasa suka hau, wa za mu riƙe?"

Namadi ya ce takardar ba ruwanta da kaki ko babbar riga, sunanka ne a kai. Nan ma ba a saya ba, sai dai an fara ƙus-ƙus. Kowa ya san halin Gidaɗo a kara, kasuwar shanu: bijimin da ya fi kushewa, shi yake korawa gida da yamma. Mutum ya bar shanunsa ya riƙa bin kasuwa-kasuwa don zagin abin da ba ya so?

A Gummi, Tabawa mai fura ta hango shi bayan Landiroba yana raɗa da Namadi. Ta tsegunta wa Lado mahauci. Kafin azahar labari ya gama kasuwa: Alhaji yana korar mutane ne don ya kwashe duka shi kaɗai.

Sai layi. Lado ya bar tukuba ya shiga, Tabawa ta kwance bakin zane, wani makiyayi ya saki ɗan maraƙinsa a farashin farko don kada a riga shi.

Gidaɗo ya dinga zagaya su yana kaɗa hannu. "Kada ku saya! Ku ji tsoron Allah, ku koma gida!"

Duk ihu ɗaya, layi ya ƙara tsawo.

"Haƙuri, Alhaji," in ji Lado yana fifita da takardarsa. "Yau dai mun gano ka."

La'asar na yi, takardu suka ƙare. Gidaɗo ya kaɗe riga, ya fice daga kasuwa a ƙasa yana huci, jama'a na yi masa shewa.

Bayan gari, inda hanya ta karya kwana, Landiroba ta tsaya. Namadi ya sauko, ya durƙusa, ya buɗe ƙofar gaba.

"Maƙogwarona duk ya bushe sabili da kai, ɗan ƙanena," in ji Gidaɗo yana gyara zama. "Tuƙa mu tai gida mu shaida wa Innarka."