Simintin Ɗakin Kaka

Madam Esi, jami'ar adana kayan tarihi, ta ƙwanƙwasa azarar tsohon gidan su Abubakari a unguwar Kukuo, a ƙasar Gana.

"Gidan ya shiga rajistar kayan tarihi. Daga yau ba mai rushe shi."

Abubakari ya yi ajiyar zuciya. Shekara biyu yana bin wannan takarda. Da aka koro 'yan Gana daga Legas kowa ya dawo, ban da ƙanensa Yakubu, wanda Abubakari kaɗai ya ce ya ga tafiyarsa can.

A ɗakin Kaka, Esi ta buga ƙafa a ƙasa. "Amma simintin nan ba na asali ba ne. Gobe za a fasa shi."

Sala, matar Yakubu, ta leƙo. "Ni na gaya mata, Yaya. Ranar da mijina ya tafi ka zuba shi. Har diga na aro don aikin gobe."