Mai Ƙara Bai Zo Ba

Karo na goma sha tara ke nan alƙali yana ɗage shari'ar satar akuya. Ni ɗalibar lauya ce mai koyon aiki a wata kotu a Dutse, kuma dalili ɗaya na gani a fayil ɗin: mai ƙara bai zo ba. Wanda ake tuhuma ya shekara biyu a tsare.

A waje na tarar da tsohon da kullum yake kawo masa fura.

"Baba, ɗanka ne?"

"A'a, 'yata, akuyar ce tawa. Tuni na yafe masa. Ranar farko ɗan sanda ya ce in jira nan sai an kira ni."

Ya dubi ƙofar kotun.

"Ko an kusa?"