Gudun da Ya Wuce Ƙa'ida

"Kika ƙara wa kwamfutar nan gudu, za ta ƙone," in ji mai gyara a kasuwar PZ.

"Ta ƙone!" ɗalibar zanen gini ta ce.

Wata shida tana haɗa zane mai motsi, amma duk gwajin da ta yi sai ya sarƙe. Da ta koma gida Samaru, ta tura injin hoton kwamfutar fiye da ƙa'idarsa. Fanka ta ɗauki kuka, hoto ya tafi sumul.

Ta zaunar da kakarta gaban allon. Ga gidansu na ƙauye da mahara suka rushe, tsaye, ƙofa a buɗe.

"Shiga da ni, jikata," in ji tsohuwar. "Su zo su rushe wannan mu gani."