Motar Kwali

"Malama, ɓoye tarkacen nan, baƙin da za su ga aikin yara sun iso," in ji shugaban makaranta.

Tarkacen kuwa motar kwali ce da yaran ajinta suka haɗa da hannunsu, suka rubuta mata umarni a kwamfuta har ta iya kauce wa bango. Shugaban ya dire wata motar ta kanti mai ƙyalli, ya danƙa wa autar ajin rimot. "Ki ce ku kuka yi."

Yarinyar ta faɗa, baƙi suka tafa. Malamar ta jira yarinyar ta zo da kuka.

Sai ga ta tana tsalle.

"Malama, ashe sayowa ake yi! To me ya sa muka sha wahala?"