Kira Ukun da Tela Ya Katse

Ka taɓa zama a ƙasar da ba taka ba, ka kunna tashar garinku, sai ɗan zoben nan ya fito tsakiyar allo yana ta zagaye kamar akuya a turke? Tun da na gama karatun kwamfuta bara, babu tambayar da 'yan uwa na waje suka fi yi mini kamar wannan. Amsoshi kuwa ina da su har sun yi mini yawa: rage ƙarfin hoto, kashe ka sake kunnawa, matso kusa da na'urar intanet. Amma kafin in ba kowa dabara, sai na fara ba shi wannan misali.

An yi wani tela da ya tafi neman abinci wata ƙasa mai nisa, ya shekara shida bai leƙo gida ba. Mahaifinsa masassaƙi ne, cikin 'yan kaɗan da suka rage masu sassaƙa akushi da turmi a yankinsu. Tsohon ba ya yarda a ɗauke shi hoto, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai madannai, saboda haka duk shekarun nan murya kawai ɗan ke ji. Burinsa ɗaya ne, ya ga yadda tsufa ya mai da fuskar ubansa. Rannan sai ƙanwarsa ta aiko masa da albishir: wata tashar talabijin ta gida za ta yi hira da Baba kai tsaye, ranar Asabar bayan la'asar. Tela ya roƙi maigidan shago hutun yini, ya sayi data, ya haɗa akwatin talabijin da wayarsa don ta ba shi intanet, ya dafa shayi ya zauna. Lokaci na yi ya kunna, sai rubutu ya fito cewa ba a nuna wannan shiri a ƙasar da yake. Ya sauke manhajar nan da ke nuna kamar mutum yana gida. Tasha ta buɗe, murya ta zo babu hoto. Ya kashe, ya kunna. Hoto ya zo, ya daskare a kan hannu biyu riƙe da gizago. Ya gane tabon da ke babban yatsan hagu, amma fuskar ba ta fito ba. Zobe ya ci gaba da zagaye, shayi ya huce.

Yana cikin wannan fama, hoton ya fara motsi ke nan, sai kira ya shigo daga wata lambar gida da bai sani ba. To, wayar ce ke ciyar da akwatin, kira na shigowa komai na tsayawa. Ya yi tsaki, ya ce a ransa mutanen unguwa ne za su ce masa ga Baba can a talabijin, kamar shi bai sani ba. Ya katse. Aka sake kira, ya katse. A na uku ma ya katse, har da faɗa shi kaɗai: "Haba jama'a, ku bar ni in ga ubana mana!" Da ƙyar hoto ya daidaita tas, amma sunayen ma'aikatan tasha ne ke hawa allo. Kunya ta hana shi kiran gida ranar, don ya san Baba zai ce, "Ka gan ni?" shi kuwa ba ya son ya yi masa ƙarya. Ya ce bari ya jira maimaicin ranar Laraba, ya kalla, sannan ya kira da bakin magana. Ranar Talata da hantsi masassaƙin ya jingina da kututturen da yake aiki a kai, bai ƙara tashi ba.

Bayan sadakar bakwai ƙanwar ta turo masa ɗan bidiyon da ta ɗauka da wayarta daga talabijin ɗin maƙwabta. Ga fuskar nan sarai, gemu ya yi fari fat, kumatu sun faɗa. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko akwai wanda yake so ya gaisar, tsoho ya zaro wata takarda daga aljihu, ya ce ga lambar ɗansa da ke ƙasar waje, a kira masa shi duniya ta ji. Aka kira, aka katse. Har sau uku, tsohon na kallon wayar yana gyara hula. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙyale shi, malam, yana bakin aiki ne. Yaron nan bai taɓa ƙin amsa kirana ba. Allah ya yi masa albarka." Ashe tsohon ne ya hana kowa a gida ya faɗa wa tela zancen kiran nan, wai kada a ɓata masa rai. Bidiyon nan ba ya tsayawa, ba ya buƙatar wata dabara. Kullum tela ya buɗe shi yana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, yana kallon ubansa yana jiran ya ɗauka.

Dabaruna suna nan, duk wanda ya tambaya zan koya masa. Amma ɗan uwa, in har mai muryar yana raye, ajiye rimot ɗin nan ka kira shi yau, kada ka jira Laraba. Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, an rasa ido.