Dangwalen Mutum Arba'in

Jami'ar duba ayyuka ta daɗe tana kallon takardar. Wai ma'aikata arba'in masu gyaran magudanar ruwan noman rani ta Bunkure duk sun samu horon kauce wa haɗari, kowa ya dangwala babban yatsansa na dama.

"Ranki ya daɗe, kwana uku cur aka koya musu," in ji ɗan kwangila.

Hulunan kwanonsu ko ɗigon laka babu. Hankalinta bai kwanta ba, ta kira wani dattijon magini.

"Baba, wannan dangwalenka ne?"

Dattijon ya saci kallon ɗan kwangila, sannan ya zaro hannun damansa daga aljihu. Yatsu huɗu ne.

"'Yata, tun bara injin kwaɓa simintinsa ya cinye shi."